Toshe Bakin Masu Ra'ayin Riƙau A Amurka: Mai Magana Da Mai Zaure

Ran 8 ga watan Janairu, 2021, wani abu ya auku a Amurka wanda har yanzu mutanen ƙasar ba su gama gardama a kansa ba. Kamfanin Twitter ya rufe shafin Shugaban Ƙasa Donald Trump, ya ce kuma ya rufe ke nan har abada. A lokacin nan mutane wajen miliyan 88 ke bin abin da ya ke rubutawa a wurin, saura kwana 12 kuma ya sauka daga mulki. Watau mutumin da rundunar sojan Amurka duka ke jiran umurninsa, ga shi an wayi gari waɗansu ma'aikatan kamfani a birnin San Faransisko sun hana shi yi wa jama'arsa magana ta hanyar da ya saba. Kwana ɗaya kafin wannan Facebook ya riga ya dakatad da shi, bayan 'yan kwanaki kuma YouTube ya bi sahu.

Dalilin da kamfanonin suka bayar ba ɓoyayye ba ne. Ran 6 ga wannan wata, sa'ad da Majalisar Dokokin Amurka ke zaune a Washinton don tabbatad da cewa Joe Biden ne ya ci zaɓe, sai taron magoya bayan Trump suka fasa ginin Majalisar suka shiga, 'yan majalisa suka gudu suka ɓuya, 'yan sanda fiye da 100 suka ji rauni. Twitter ya ce yana tsoron maganganun Shugaban su ƙara hura wutar. Ba shi kaɗai abin ya ci ba kuwa. Cikin 'yan kwanakin nan Twitter ya share shafuka fiye da 70,000 na masu yaɗa wata jita-jita da a ke kira QAnon. Akwai kuma wani ƙaramin dandali mai suna Parler inda masu ra'ayin riƙau ke taruwa. Apple da Google suka fitad da shi daga kantunansu, Amazon kuma ya daina ba shi hayar na'urorin da ya ke zaune a kai, sai ya ɓace daga intanet wajen wata guda.

Mun ga ya kamata mu warware wa masu karatu wannan al'amari a tsanake, domin mun lura yawancin masu maganarsa sukan tsaya ne a kan son Trump ko ƙinsa. Mu kuwa abin da ya dame mu shi ne wannan: idan magana ta jama'a duk ta koma cikin zauren mutum uku ko huɗu, wa ke da ikon cewa wane ya yi shiru, kuma ina wanda aka rufe wa baki zai kai kuka?

ABIN DA DOKA TA CE

Kowane ɗan makaranta a Amurka ya san Gyara na Farko na tsarin mulkin ƙasarsu, wanda aka tabbatar a 1791. Shi ne ya hana Majalisa yin dokar da za ta tauye 'yancin magana ko na jarida. Amma a lura, hannun hukuma ne aka ɗaure, ba na mai gida ba. In ka shiga zauren mutum kana faɗin abin da ba ya so, ya ce ka fita, tsarin mulki ba shi da abin da zai ce masa. Twitter da Facebook da YouTube kuwa a idon doka zauruka ne na masu su, kome yawan jama'ar da ke zama ciki.

Akwai kuma wata doka ta 1996 wadda ita ce tushen rigimar, ana kiranta Sashe na 230. Asalinta shari'u biyu ne. A 1991 aka kai wani kamfani mai suna CompuServe ƙara saboda ɓata suna da aka yi a dandalinsa, kotu ta wanke shi, don ba ya duba abin da mutane ke rubutawa. A 1995 kuwa aka kai wani mai suna Prodigy ƙara a kan irin wannan laifi, kotu ta ce shi a kama shi kamar yadda a ke kama mai jarida, tun da ya ke yana tace rubuce-rubucen da ke shiga. Ashe ke nan wanda ya share zaurensa shi ne a cikin hatsari, wanda ya bar shara ta taru ya tsira. Sai 'yan majalisa biyu, Chris Cox na jam'iyyar Republican da Ron Wyden na Democrat, suka kawo dokar da ta ce ba za a ɗauki mai dandali a matsayin marubucin abin da wani ya sa a ciki ba, kuma yana da damar cire abin da ya ga bai dace ba, ba tare da an kama shi ba. A zamanin nan dandalin intanet ƙananan wurare ne. Ba wanda ya zaci wata rana mutum fiye da biliyan 3 za su taru a zaure ɗaya.

KUKAN MASU RA'AYIN RIƘAU

Masu ra'ayin riƙau a Amurka, watau mutanen da suka fi karkata ga riƙon addini da al'adun iyaye, da rage haraji, da tsare kan iyaka daga baƙi, sun daɗe suna kukan cewa masu waɗannan kamfanoni da ma'aikatansu ba sa ƙaunarsu. A wani bincike da cibiyar Pew ta yi a 2020, kashi 90 cikin 100 na magoya bayan Republican sun ce suna jin mai yiwuwa ne ana danne ra'ayin siyasa da gangan a waɗannan wurare. Kuskure ne a ɗauki wannan kuka kamar na wanda ya faɗi zaɓe kawai, gama akwai abubuwan da aka yi waɗanda masu yinsu da kansu suka komo suka amsa ba daidai ba ne.

Ran 14 ga Oktoba, 2020, ana saura mako uku zaɓe, jaridar New York Post ta buga labari a kan takardun da aka samu cikin kwamfutar Hunter Biden, ɗan ɗan takarar Democrat. Twitter ya hana kowa aika wannan labari, ko da a ɓoye tsakanin mutum biyu, ya kuma kulle shafin jaridar wajen mako biyu, alhali kuwa jarida ce da aka kafa tun 1801. Shugaban kamfanin na lokacin, Jack Dorsey, ya faɗa wa 'yan majalisa daga baya kuskure suka yi.  Haka kuma a watan Fabrairu na 2021 Facebook ya sa dokar cire duk rubutun da ya ce ɗan Adam ne ya ƙirƙiro ƙwayar cutar korona, a watan Mayu na shekarar kuma ya janye dokar, da ya ga Gwamnatin Amurka da kanta ta sa ma'aikatan leƙen asirinta su binciki maganar. Wata uku ke nan ana share abin da mutum ya faɗa a kan ƙarya ce, sa'an nan a ce ashe tambaya ce da ba a amsa ba tukuna. Sa'ad da aka buɗe takardun cikin gida na Twitter a Disamba, 2022, an ga cewa akwai hanyar rage yawan masu ganin rubutun mutum ba da saninsa ba, an kuma yi wa wani shaihun malamin likitanci na Jami'ar Stanford, Jay Bhattacharya, irin wannan, mutumin da ya yi suna wajen sukar dokar kulle mutane a gida lokacin annoba. A ganinmu wannan ya fi kora a fili muni, domin wanda aka kora ya san an kore shi, shi kuwa wannan yana ta magana bai san an janye masu sauraro ba.

Amma fa ba duk wanda ya ce an toshe masa baki don ra'ayinsa ne ya faɗi gaskiya ba. Alex Jones, wanda manyan dandalin suka kora a 2018, ya yi shekaru yana gaya wa masu sauraronsa wai kisan da aka yi a makarantar Sandy Hook a 2012, inda aka harbe yara 20 da manya 6, wasan kwaikwayo ne aka shirya. Mabiyansa suka riƙa bin iyayen yaran da zagi da barazana, har waɗansu suka yi ta sauya gida. A 2022 kotuna suka yanke masa biyan diyya fiye da dala biliyan 1. Kowane malamin makaranta zai gane wannan ba ra'ayin riƙau ba ne, cin mutuncin masu makoki ne.

Masu bincike kuma sun auna abin da ma'auni. A 2024 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani nazari da aka yi a kan mutum 9,000 masu amfani da Twitter lokacin zaɓen 2020, rabi na Trump, rabi na Biden. An samu na Trump sun fi ɗaya ɓangaren shan dakatarwa ninki huɗu da 'yan kai. An kuma samu sun fi yawan yaɗa labarai daga wuraren da ba a amince da ingancinsu ba, ko da 'yan Republican zalla aka sa su auna ingancin. Shi ma Twitter a 2021 ya bayyana nasa binciken na ƙasashe bakwai, inda ya ga na'urarsa mai zaɓa wa mutane abin karantawa ta fi ɗaga muryar 'yan siyasar riƙau a ƙasashe shida, ban da Jamus. Saboda haka yawan korar da aka yi wa ɓangare ɗaya ba ya isa shaida a kan son kai. Sai dai kuma wannan lissafi ba ya wanke kowace kora, kamar yadda alƙalin da yawancin hukuncinsa daidai ne ba zai kafa hujja da wannan a kan mutumin da ya zalunta ba.

HUKUNCI BA WA'ADI

Akawun da ya taɓa riƙe littafin kotu ya san hukunci yana da ƙa'ida: a rubuta laifi, a nuna dokar da aka karya, a faɗi tsawon horo, a bar ƙofar ɗaukaka ƙara. Abin mamaki, wannan shi ne ainihin abin da aka ce wa Facebook. Kamfanin ya kafa wata majalisa ta masana daga ƙasashe dabam dabam don duba hukunce-hukuncensa, ya kuma miƙa mata maganar Trump. Ran 5 ga Mayu, 2021, majalisar ta ce dakatarwar tana bisa hujja, amma horo marar wa'adi ba ya cikin dokokin kamfanin ko kaɗan, ƙirƙiro shi aka yi a ranar. Ta ba su wata shida su gyara. Ran 4 ga Yuni suka mai da shi shekara biyu, a farkon 2023 kuma suka mayar masa da shafinsa.

Ko waɗanda ba sa shiri da Trump abin bai kwanta musu ba. Angela Merkel, wadda ke shugabancin Jamus a lokacin, ta sa kakakinta ya ce akwai matsala a wannan kora, don a ganinta doka ce ya kamata ta sa wa 'yancin magana iyaka, ba shugabannin kamfani ba. Alexei Navalny ma, ɗan hamayyar Rasha, ya soki korar, yana tsoron masu mulkin kama-karya su samu abin kafa hujja.

Mu nan Nijeriya mun ga ɗaya fuskar al'amarin da idonmu. Ran 2 ga Yuni, 2021, Twitter ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari wanda ya yi gargaɗi a cikinsa yana tuna yaƙin basasa. Ran 4 ga wata, ranar da Facebook ke yanke wa Trump wa'adi, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatad da Twitter a ƙasa duka, ba a kuma buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222. Trump ya fitad da takarda yana yi wa Nijeriya barka. A watan Yuli na 2022 Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Ga shi an goge rubutun mutum ɗaya, an rama a kan miliyoyin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, har da 'yan kasuwar da ke neman abincinsu ta wurin.

JIHOHI BIYU DA KOTUN ƘOLI

Can Amurka kuwa, jihohi biyu da Republican ke mulki suka ce za su gyara abin da doka. A watan Mayu na 2021 Fulorida ta yi dokar da za ta ci kamfani tarar dala 250,000 kowace rana in ya kori mai takarar muƙamin jiha. (An sa wata 'yar ƙofa a cikin dokar da ta keɓe kamfanin da ke da filin wasan shaƙatawa a jihar, kowa kuwa ya san Disney a ke nufi, an toshe ta a 2022 da suka ɓata da Gwamna.) A watan Satumba Teksas ta yi tata, ta hana duk dandalin da ke da mutum fiye da miliyan 50 a Amurka cire rubutu saboda ra'ayin mai shi. Hujjarsu ita ce waɗannan kamfanoni sun zama kamar gidan waya ko jirgin ƙasa, wanda dole ya ɗauki kowa. Kamfanonin kuwa suka ce a'a, su kamar editan jarida su ke, zaɓen abin da za a buga shi ma magana ce da Gyara na Farko ya tsare. Suna da tsohuwar shari'a a bayansu: a 1974 Kotun Ƙoli ta rushe wata dokar Fulorida da ta tilasta wa jarida buga amsar ɗan takarar da ta soka.

Ran 1 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta mai da shari'un biyu ƙananan kotuna, ta ce ba a bincika su yadda ya kamata ba. Amma Mai Shari'a Elena Kagan, wadda ta rubuta ra'ayin masu rinjaye, ta nuna sarai cewa tsara abin da ke fitowa a babban shafin Facebook ko YouTube aikin edita ne, jiha kuma ba ta da ikon tilasta wa mai zaure ya daidaita ra'ayoyi yadda ita ta ga dama.

Sai dai akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi. Mai zaure yana da ikon korar baƙo, to, in dagaci ne ya raɗa masa a kunne ya kore shi fa? Jihohin Misuri da Luwiziyana sun kai Gwamnatin Biden ƙara a kan ma'aikatanta sun riƙa matsa wa kamfanoni su cire rubuce-rubuce a kan annoba da zaɓe. Ran 26 ga Yuni, 2024, alƙalai shida cikin tara suka ce masu ƙarar ba su nuna cewa matsin ne ya jawo cire nasu rubutun ba, saboda haka aka sallami ƙarar ba a taɓa zuciyar maganar ba. Bayan wata biyu Mark Zuckerberg, shugaban Meta mai Facebook, ya rubuta wa wani kwamitin Majalisa cewa lalle a 2021 manyan ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa sun yi watanni suna matsa musu, har a kan barkwanci, kuma ya yi nadamar rashin yin magana da ƙarfi a lokacin.

DA ISKA TA JUYA

A watan Oktoba na 2022 attajirin nan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44, yana cewa 'yancin magana ya zo ceto. A Nuwamba ya sa a yi ƙuri'a a shafinsa, mutum wajen miliyan 15 suka jefa, kashi 52 cikin 100 suka ce a mai da Trump, aka mai da shi. Hukuncin "har abada" bai kai shekara biyu ba. Ba kotu ce ta warware shi ba, ba kuma wata doka aka gyara ba, zauren ne ya sake mai shi. A Disamba na shekarar Musk ya dakatad da waɗansu 'yan jarida na manyan gidaje da ke ba da labarin wani shafi mai bin sawun jirginsa, ya komo da su bayan 'yan kwanaki. A Mayu, 2023, ana gab da zaɓen Turkiyya, kamfanin ya toshe waɗansu shafuka a ƙasar bisa umurnin Gwamnatinta. A Yuli aka sake wa dandalin suna zuwa X, a Disamba kuma aka mai da Alex Jones.

Da Trump ya sake cin zaɓe a Nuwamba, 2024, sauran ma suka juya. Ran 7 ga Janairu, 2025, Zuckerberg ya ce Meta ya daina aiki da masu tantance gaskiyar labari a Amurka. Ƙarar da Trump ya shigar tun 2021 a kan korarsa kuwa sai aka yi ta sulhu: Meta ya yarda ya biya dala miliyan 25, X wajen miliyan 10, YouTube miliyan 24 da rabi. Ran da ya hau mulki ya sa hannu a kan umurnin hana ma'aikatan Gwamnati tauye maganar 'yan ƙasa. Amma a watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Gwamnatinsa ta nemi Apple ya cire wata manhaja mai suna ICEBlock, wadda mutane ke sanad da juna da ita inda suka ga ma'aikatan kama baƙin haure, Apple kuwa ya cire. Gwamnati ta ce tsaron ran ma'aikatanta ta ke yi. Ita ma ta Biden ran jama'a ta ce tana tsarewa lokacin annoba. Waɗanda suka yi kuka jiya sun yi shiru, waɗanda suka yi shiru jiya su ke kuka yau, hannun da ke raɗa wa mai zaure kuwa bai bar wurin ba.

Abin da ba mu gani ba cikin shekarun nan duka shi ne gyaran da ya shafi talaka mai shafi. Trump ya samu majalisar masana ta zauna a kan maganarsa, ya samu lauyoyi, ya kafa nasa dandali mai suna Truth Social a 2022, daga ƙarshe har aka biya shi. Malamin ƙauye a Teksas, ko mai ɗinki a Ohayo, in an rufe masa shafi, yawanci ɗan gajeren saƙo ne zai samu wanda na'ura ta aiko, ya danna wurin ƙorafi ya yi ta jira. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi wata hanya: dokarsu ta ayyukan intanet, wadda ta hau kan dukan kamfanoni a Fabrairu, 2024, ta wajabta wa mai dandali ya gaya wa mutum dalilin cire rubutunsa, ya ba shi hanyar ɗaukaka ƙara a cikin gida, da kuma wani mai sasantawa a waje. Amma dokar ta kuma ɗora wa manyan kamfanoni nauyin rage abin da hukuma ta kira hatsari ga jama'a, tarar mai saɓawa kuwa tana iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na duniya duka a shekara. Wannan ɓangare na biyu shi ne masu ra'ayin riƙau na Amurka ke suka, suna cewa ita ma hanya ce ta sa hannun hukuma a bakin mutane. Majalisar Amurka kuwa, ko da ya ke jam'iyyun biyu duk sun yi ta barazanar rushe Sashe na 230, ɗaya don an cire da yawa, ɗaya don an bar da yawa, ba ta yi wata doka da ta ba mai shafi irin wannan dama ta jin dalili da ɗaukaka ƙara ba.